Darasi: Kayan Zaƙi Farare da Baƙaƙe Don Teburin Biki

Darasin wannan fitowa na iyayenmu mata ne da 'yan kwamitin abinci na ikilisiyoyinmu, amma muna roƙon magidanta su ma su karanta, gama daga rumbunsu kuɗin biki yakan fito.

Wata al'ada ta shigo birnin Katsina, tana kuma gangarowa ƙauyuka. Sai a kawo maka katin gayyata, ka ga an rubuta a ƙasa cewa kowa ya zo da fari da baƙi. Tufafi fari da baƙi, labule da ƙyallen tebur fari da baƙi, har abin da za a ɗora a faranti ana so ya bi wannan launi. A ƙasashen Turawa abin ya daɗe. Wanda aka fi tunawa shi ne bikin da wani marubucin Amurka, Truman Capote, ya shirya a otal ɗin Plaza na birnin New York a watan Nuwamba na 1966, inda ya ce kada baƙonsa ya sa wani launi sai waɗannan biyu. A wurinmu ma abin bai zama baƙo sosai ba. Mun saba da anko, kuma ƙungiyoyin mawaƙa da yawa farar riga da baƙin siket ko baƙin wando suke sawa ranar taronsu. Sabon abu kawai shi ne shigar launin cikin abinci.

A nan ne damuwarmu take. Da an ce kayan zaƙi fari da baƙi, hankali yakan tafi ga kek mai ado na shagon birni, da biskit irin su Oreo, da cakulan. Waɗannan da tsada suke. Magidanci yakan fitar da buhun gero ko dawa ya sayar a watan Disamba, lokacin da hatsi ya fi araha, don a yi bikin da za a yaba. In Yuli da Agusta suka zo, shi ne kuma zai koma kasuwa ya sayi mudu-mudu da tsada, ko ya ci bashi. Bayan haka kayan ba sa jure yanayinmu. Cakulan yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, Katsina kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Kek mai man shanu a kai da aka ɗauko daga Ƙofar Kaura a bayan babur ba zai isa ƙauye da kamanninsa ba.

Iyayenmu sun san kayan zaƙi farare da baƙaƙe tun kafin a buga katin gayyata na farko. Abin da za mu yi a wannan darasi shi ne mu tuna da su, mu ga yadda ake kiyaye launinsu, domin a nan ne gwanintar take.

Sukari ɗaya, launi biyu

Mu fara fahimtar abu guda, sauran duk za su zo da sauƙi. Sukari in aka dafa shi da ruwa a wuta kaɗan, yana nan fari kamar ruwa har ya yi danƙo. In aka bar shi ruwan ya ƙone, sai ya fara ja, ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi da ɗaci. Madara ma haka take, kwakwa da riɗi ma haka. Saboda haka mai son fari wutarta kaɗan ce, hannunta kuma ba ya barin muciya. Mai son baƙi kuwa kada ta nemi launin ta hanyar ƙona sukari, don abin zai yi ɗaci yara su tofar. Ta nemi abin da tun asali baƙi ne.

Masu yin alewa sun san wata dabara kuma. In dafaffen sukari ya fara hucewa, sukan rataye shi a maƙali su ja, su ninka, su sake ja. Iskar da take shiga ciki ita ce take mai da shi fari fat, ba a sa masa kome ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai alewa yana aiki ya ga wannan da idonsa.

Farare

Tuwon madara shi ne sarkin fararen, ya kuma fi sauƙi. A zuba kofi ɗaya na sukari da rabin kofi na ruwa a tukunya mai tsabta. A dafa har in an ɗiga kaɗan tsakanin yatsu biyu, bayan ya ɗan huce, ya yi zare. A sauke daga wuta, sa'an nan a zuba garin madara wajen kofi uku, kaɗan-kaɗan, ana tuƙawa kamar tuwo. Kada a zuba madarar tukunya tana kan wuta mai ƙarfi, nan take za ta yi ja. A shafa mai kaɗan a faranti, a juye, a murza da kwalba mai tsabta, a yanka tun da ɗumi. Garin madara shi ne abu mafi tsada a duk darasin nan, don haka a yanka ƙanana. Gullisuwa 'yar'uwarsa ce, amma tun da soya ta ake yi launinta ja ne, ba ta shiga wannan tebur.

Kwakumeti yawanci ja muke ganinsa a tallar yara, amma yana yin fari. A kankare baƙin bayan kwakwar sarai kafin a goge ta. A dafa sukari da ruwa kaɗan, a zuba kwakwar, a yi ta juyawa a wuta kaɗan, a sauke da zarar ruwan ya tsotse, kada a jira ƙamshin suya. A dunƙula da cokali a jera a faranti ya sha iska.

Sai garin 'ya'yan kuka, wanda wasu ke kira kwalba da nono. Ga shi fari, ga ɗan tsami mai daɗi, kusan kowane ƙauye kuma akwai kuka. Yana da sinadarin bitamin C da yawa, har Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da shi a ƙasashenta a 2008, yanzu kuma ana sayar da shi a can cikin ƙananan leda da tsada. A jiƙa, a tace, a dama da madara da sukari kaɗan ya yi kauri, a zuba a ƙananan kofuna. Inda akwai firji mai aiki sai a ɗaura a leda ya daskare.

Riɗi, fari da baƙi

A nan za mu ɗan daɗe, domin riɗi kaɗai ya isa ya cika teburin. Muna noma shi a jihar nan, maƙwabtanmu na Jigawa ma haka, kuma Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke sayar da shi zuwa Japan da Sin da Turkiyya. Abin mamaki ne a ce buhunanmu suna hawa jirgin ruwa, mu kuwa muna sayen biskit a kwali ranar biki. Girbinsa yana zuwa daidai da kaka, wato lokacin da bukukuwan aure da na Kirsimeti suke yawa.

Riɗi iri-iri ne. Akwai fari, akwai mai ruwan ƙasa, akwai baƙi. Farin ya fi yawa a kasuwanninmu. Baƙin sai an tambaya wurin masu kayan ƙamshi da 'yan hatsi, a Babbar Kasuwar Katsina ko 'Yarkutungu, kuma a yi sayayyar tun da wuri. A lura kada a ba ku habbatus sauda a maimakonsa. Suna kama a ido, amma ita tana da yaji da ɗaci, ba a yin kantu da ita. A tauna ƙwaya biyu kafin a biya kuɗi.

Aikin kantu daga wanki yake farawa. A rege riɗin da kyau a fid da tsakuwa da yashi, gama ba abin da ke ɓata kantu kamar ƙasa a haƙori. Farin riɗi a jiƙa shi kaɗan, a surfa a turmi a hankali, a wanke dusar ta fita. Wannan surfen shi ne yake kawar da ɗaci ya kuma fito da farin. Baƙin riɗi kuwa ba a surfa shi, domin baƙin a jikin ɓawon yake, in aka surfa sai ya koma fari. A wanke shi kawai. A shanya dukansu a kan tabarma mai tsabta, a rufe da ƙyalle mara kauri saboda kaji da ƙura.

In ya bushe sai suya, ba mai, a busasshiyar tukunya. Farin a sauke shi da ya fara tsalle yana ƙara, kafin ya canja launi. Baƙin ya fi wuya, tun da ido ba zai nuna maki ya ƙone ba. Ki dogara da hanci, ki kuma murza ƙwaya tsakanin yatsu: in ta fashe da sauƙi ta ba da ƙamshi, ya yi. Wata dabara ita ce a jefa 'yan ƙwayoyin fari a ciki, in sun fara ja a sauke.

Awo shi ne kofi biyu na riɗi, kofi ɗaya na sukari. Don farin kantu, a dafa sukarin da ruwa kaɗan da 'yan ɗigon lemun tsami, wanda yake hana shi komawa gari. A gwada ta ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi. In ya daskare ya karye ƙas, ya yi. A zuba riɗin, a juya da sauri, a juye a farantin da aka shafa wa mai, a murza da kwalba. Don baƙin kantu a yi amfani da mazarƙwaila a maimakon farin sukari. Duhunta yana ƙara wa riɗin baƙi, ɗanɗanonta kuma ya fi zurfi. Ƙasar Maƙarfi a jihar Kaduna ta yi suna wajen rake da mazarƙwaila, ana kuma samunta a kasuwanninmu. A narka ta da ruwa kaɗan a tace tukuna, don takan zo da ɓawon rake.

Yanka tun da zafi ake yi. Minti kaɗan in aka yi sakaci sai dai a fasa da taɓarya. Saboda haka mata biyu su yi aikin, ɗaya tana murzawa ɗaya tana riƙe da wuƙa mai mai a jiki. Masu hannu da sauri suna iya shimfiɗa farin, su ɗora baƙin a kansa tun dukansu da ɗumi, su danne su yanka, kowane yanki ya fito hawa biyu. Kada a gwada wannan karon farko ranar jajiberin biki. A gwada da rabin kofi mako biyu kafin nan.

Ɗinya

In ana maganar baƙi na gaske, ba kamar ɗinya. Yaranmu suna tsinta a daji suna ci haƙoransu su yi baƙi, amma matasan mata da yawa ba su taɓa ganin yadda ake dafa maɗi ba. A samu nunanniyar ɗinya, ko busasshiya daga kasuwa, a wanke, a jiƙa har ta yi laushi. A murje da hannu naman ya rabu da ƙwallon, a tace da rariya sa'an nan da ƙyalle. A ɗora ruwan a wuta a yi ta dafawa. Yana cin itace da lokaci, wannan gaskiya ne, don haka a yi shi a murhu mai tsimin itace in akwai. Zai yi ta raguwa yana ƙara duhu har ya yi kauri kamar zuma. In aka ci gaba da dafawa, aka ƙara sukari kaɗan, sai ya zama alewar ɗinya, a zuba a faranti a yanka.

Maɗi mai kauri yana yin aikin da narkakken cakulan yake yi a kek ɗin birni. A ɗiga shi a kan tuwon madara, ko a zuba cokali ɗaya a kan kindirmo a kofi, baƙi a kan fari. Muna ba shugabannin Zumuntar Mata shawara su nemi tsohuwa ɗaya a ikilisiya wadda ta iya wannan aiki, a ba ta rana guda ta koya wa 'yan mata. A garuruwa da yawa itatuwan ɗinya suna ƙarewa a hannun masu gawayi da masu sassaƙa, sanin aikinta kuma yana tafiya tare da su.

Dabino mai duhu shi ma yana taimakawa, ba ya kuma bukatar wuta. A wanke, a tsaga, a cire ƙwallon, a duba ciki saboda tsutsa, a cusa ɗan tuwon madara ko gogaggiyar kwakwa. Dakuwar aya launinta ruwan ƙasa ne, amma in an mulmula ta aka birgima rabi cikin soyayyen baƙin riɗi, rabi cikin farar kwakwa, ta shiga anko. Alkaki da nakiya a bar su a gara inda suka saba zama, ba sai an tilasta musu launin da ba nasu ba.

Abin sha kuwa kunun aya ya isa a ɓangaren fari, tsinkakken maɗi a ɓangaren baƙi. Sai dai kunun aya ba ya jira. In ba ƙanƙara, 'yan sa'o'i kaɗan yake yi ya yi tsami, don haka da safiyar bikin za a yi shi, da tafasasshen ruwa. Nonon da za a yi kindirmo da shi a tafasa shi tukuna, gama ɗanyen nono yana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na wasu cututtukan shanu.

Abin da ba za a sa ba

Wannan sashe muna roƙo a karanta shi da ƙarfi a taron mata. Baƙin launi yana da wuyar samu a kek, saboda haka jaraba takan zo a nemi gajeriyar hanya. Kada a sa shunin rini, ko galura, ko baƙin gashi, ko wata hoda da aka ƙulla a leda ba suna. Waɗannan ba abinci ba ne, wasunsu guba ne. In lalle sai an sayi launin abinci, a sayi mai kwalba da aka rubuta na abinci ne, mai lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Sai gawayi. Wasu sun gani a waya ana yin baƙin burodi da baƙin askirim da garin gawayi a ƙasashen waje. Wancan wani gawayi ne da aka sarrafa musamman, wanda a asibiti ake ba mutumin da ya sha guba, domin yana kama abin da ke cikin ciki ya hana shi shiga jini. To, yadda yake kama guba haka yake kama magani. A cikin taron mutum ɗari akwai mai shan maganin hawan jini, akwai mai farfaɗiya, akwai mai shan maganin ƙanjamau kullum wanda bai gaya wa kowa ba, akwai mai shan ƙwayar tazarar haihuwa. Mai girki ba ta san su ba, ba kuma za su tashi su faɗa ba. Hukumar lafiya ta birnin New York ta hana gidajen abinci sa shi a abinci da abin sha a 2018. Gawayin murhunmu kuwa ko kusa kada ya shiga.

Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar riɗi ko gyaɗa. Da sun ci sai ƙaiƙayi, kumburin leɓe, wani lokaci numfashi ya toshe. Amurka ta sa riɗi cikin jerin abincin da dole a rubuta a jikin kwali tun daga Janairu 2023 saboda wannan. Mu ba mu da kwali, sai mai rabo ta faɗa da baki abin da ke cikin kowane faranti. Wanda numfashinsa ya fara wuya bayan ya ci, a kai shi asibiti nan da nan. Jariri da bai kai shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma ko abin da aka yi da ita, ƙananan yara kuma kada a ba su alewa mai tauri ko dabino da ƙwallo, saboda shaƙewa.

Zaƙi kuma da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba mutum ƙarfi a yini, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga babba, in an rage zuwa 6 ya fi. Dattawanmu masu ciwon sukari suna jin nauyin ƙin abin da aka miƙa musu a gaban jama'a. A tanada musu soyayyen riɗi da yankakkiyar kwakwa ba sukari, su ma fari da baƙi ne, a ajiye a tebur ɗaya da sauran don kada a nuna su.

Lissafi da jeri

Kwamiti ya zauna da takarda da biro kafin a je kasuwa. In ana sa ran mutum 100, a ba kowa yanki uku, wato yanki 300. Babban faranti in aka yanka shi layi 8 a tsaye, 10 a kwance, ya ba da 80. Faranti huɗu ke nan sun isa har da ragowa: biyu na kantu, fari da baƙi, ɗaya na tuwon madara, ɗaya na alewar ɗinya ko kwakumeti. Mu da muka san bikin ƙauye mun san ba a ƙidaya baƙi da kati, don haka a ƙara faranti ɗaya na kantu saboda yara, tun da shi ya fi araha. In gidaje biyar suka kawo mudun riɗi ɗaya-ɗaya daga gonarsu, abin da za a saya da kuɗi ya rage sukari da madara da kwakwa.

Kantu da alewa ana iya yinsu kwana uku ko huɗu kafin biki, a rufe a bokiti mai murfi. Da rani, musamman lokacin hunturu, suna daɗewa da ƙarfinsu. Da damina kuwa sukari yana jan laima, sai su yi danƙo su manne da juna, don haka a ƙulla su a leda da zarar sun huce. Tuwon madara da kwakumeti a yi su ana gobe biki. Duk mai taɓa kayan ta wanke hannu da sabulu, ta ɗaure kanta, a kuma raba da cokali.

Wajen jeri ba sai an yi hayar faranti ba. A cikin ɗakunan iyayenmu akwai baƙin akushi, akwai farar ƙwarya. A wanke su sarai a shanya a rana. A zuba farare a akushi, baƙaƙe a ƙwarya, a jera su ɗaya bayan ɗaya a kan farin zane. In faranti ɗaya ne babba, a jera yankan kantu fari kusa da baƙi kamar allon dara. A rufe kome da faifai ko ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda har lokacin rabo, a kuma sa teburin a inuwa, nesa da inda ake rawa da tashin ƙura.

Wasu dattawa suna ɗaukar baƙin tufafi alamar makoki, za su kuma yi tambaya in sun ga katin. Masu biki su je su yi musu bayani tun kafin ranar, kada kuma a hana kowa shiga ko zama a gaba don bai sami anko ba. Ƙungiyar matan da ta gwada waɗannan kayan ta aiko mana da awon da ya yi mata daidai da yawan yankan da ta samu a kowane mudu, ta hannun ma'aikacinmu na yankinku, domin mu buga a fitowa ta gaba.